Rabin Fim ɗin Lema

"Pechi, kunna injin markaɗen nan naki. Haɗa da dutsen guga. Yi sauri!"

Pechiammal ta ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi, ta ga tsoho Irulappan tsaye a bakin ƙofarta, ko riga babu a jikinsa sai tawul a kafaɗa, yana ta haki. Gidansa ne ke manne da nata, bango ɗaya ya raba su. Waya ɗaya ce kuma ke kawo musu wuta tun zamanin da gidajen biyu suke gida guda, don haka duk wanda ya kunna abu biyu masu jan wuta a tare, fis ya ƙone, kowa ya huta.

"Baba, ƙulluna tun jiya na markaɗa shi. Me kake so in niƙa, iska?"

"Niƙa iskar. Yaron nan ya sa wa uwarsa fim ɗin, an kusa hutun tsakiya."

Ai ko bai faɗa ba ta sani. Tun ɗazu waƙar take ratso bango tana shigo mata ɗaki, waƙar da duk lungun nan na garin Melur ya haddace ba da son ransa ba. Pechi ta yi tsaki, ta ture faifan shinkafar, ta jona dutsen guga, ta danna injin. Duwatsun injin suka yi gurnani a cikin kwanon da babu komai, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, waƙar ta yanke a tsakiyar baiti.

Daga can gidan aka ji muryar Chellapandi, ɗan tsohon, wanda ya iso daga Chennai shekaranjiya da ƙatuwar talabijin a bayan mota.

"Kai! Wannan wace irin masifa ce? Appa! Ina Appa ya shiga kuma?" Appa yake ce wa uban, wato baba.

Irulappan ya goge wuyansa da tawul, ya juya ya tafi. Ko sannu bai ce mata ba, ita ma ba ta sa rai ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana cin girkin matarsa bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, ba a kan maƙwabciya zai fara koyon godiya ba.

Fim ɗin yana da sunansa, amma a lungun ba mai kiransa da shi. Fim ɗin lema ake cewa, saboda saurayin, wani mai raba wasiƙu, da budurwar, 'yar mai fiton kwalekwale, a ƙarƙashin lema ɗaya suka yi waƙar tasu ana tsuga ruwa. Ponnuthai, matar Irulappan, ba ta da abin so a duniya kamar wannan waƙa. Da ita take shara, da ita take wanki, kaset ya tsinke ta liƙa da jan farce. Kowa kuma ya san da zarar an sa fim ɗin a talabijin aka kai rabi, sai mijinta ya tsiro da wani abu: ko kofi yake so yanzu-yanzu, ko kansa na ciwo a kashe, ko wuta ta ɗauke. Mutane suna cewa baƙin hali ne kawai irin nasa. Pechi kaɗai ta san dalili, don ranar da ya fara zuwa roƙon injinta ta ce ba za ta ƙona wa kanta fis a banza ba sai ya yi mata bayani.

Ga abin da ya faɗa mata, yana kallon ƙasa kamar mai amsa laifi a gaban alƙali. Suna sabon aure Ponnuthai ta kamu da tarin fuka, ta rame har awarwaronta na zamewa. Ya kai ta silimar tanti don ta ɗan sake, ita a ɓangaren mata, shi a na maza, kowa ya tara yashi ya zauna a kai. Ana gab da hutun tsakiya sai budurwar fim ɗin ta yi tari sau ɗaya a cikin gefen zanenta. Gabansa ya faɗi. Da aka kunna fitilu ya tare mai sayar da gyaɗa, wanda kullum a nan yake, ya tambaye shi yadda abin zai ƙare. Mai gyaɗa ya ce ai mutuwa za ta yi, tarin ne zai kashe ta, kowa da kuka yake fita. Irulappan ya je bakin shingen mata ya yi ta kwaɗa kira, ya ce saniyarsu ta tsinke igiya, su tafi gida. A hanya ya ce mata ya tambaya an gaya masa: likita ya warkar da yarinyar, an ɗaura aure, an yi biki. Bayan 'yan watanni Ponnuthai ta warke sarai. Tun daga nan ya ƙulla a ransa cewa muddin ba ta ga ƙarshen nan ba, tana nan tare da shi.

Yanzu ga shi tarin ya dawo da tsufa, likitocin Madurai sun ce a mai da ita gida a ba ta abin da take so. Ɗanta, da kyakkyawar niyyarsa, ya ce abin da take so ai sananne ne: ta kalli fim ɗinta sau ɗaya a rayuwa daga farko har ƙarshe, ba mai katse ta.

Da yamma Pechi ta dama kunun shinkafa ta shiga da shi. A waje ta wuce uba da ɗa a gindin mita, ɗan yana neman siririyar wayar gyaran fis, uban yana taya shi nema alhali tana ƙulle a cikin tawul ɗinsa.

Ponnuthai na kwance a gadon igiya kusa da taga, ta koma kamar yarinya don ƙanƙanta, amma idanun nan suna nan da ƙyallinsu.

"Injin naki har yanzu da ƙarfinsa," in ji ta.

"Wane inji, Akka? Wutar garin nan ce ba ta da tabbas." Akka take ce mata, wato yaya, tun ranar da aka kawo ta lungun tana amarya.

"Rufe mini baki. Zauna nan." Ta jira tarin ya lafa. "Na gani, Pechi. Har ƙarshe. Mutuwa yarinyar take yi, a cikin kwalekwalen ubanta, shi kuma ya riƙe mata lemar ba ruwa ba komai."

Saura kaɗan kwanon kunun ya kuɓuce wa Pechi.

"Yaushe?"

"Shekarar da ƙanwata Rasathi ta yi haihuwar fari na je mata zaman jego. Muka bar wa surukarta jaririn muka sulale. Sau biyu ma muka gani. Na yi kuka har gefen sarina ya jiƙe sharkaf."

"Shekara arba'in da wani abu ke nan! Kina ji kina gani nake ƙona fis, ina zama cikin zafi ba fanka, ashe ke kin san komai? To me ya hana ki gaya masa?"

"In gaya masa me?" Ponnuthai ta yi dariyar da ta ƙare da tari. "Mutumin nan bai taɓa sayo mini fure ba sai na roƙa. Bai iya magana mai daɗi ba, ko a mafarki. Wannan kaɗai ya iya. Duk ranar da wuta ta ɗauke sai ya zo ya zauna nan bakin gado ya ba ni ƙarshen. Kullum kuma ƙari yake yi. Da aure kawai aka yi. Daga baya suka haifi tagwaye. Bara har gona suka saya a bakin kogi. In ƙwace masa wannan in ba shi me?"

Pechi ta jawo kwanon. Ta ɗebo kunu a cokali ta kai mata baki, tsohuwar ta kurɓi kaɗan ta kau da kai.

"Ki saurare ni, don ba ni da numfashin maimaitawa. Kada ya san na sani, ko bayan raina. Kuma kada ki bari ya gani. Shi fa bai taɓa gani ba, a bakin mai gyaɗa ya ji. Yana ganin ni yake karewa. Ni kuwa na san wanda ba zai iya ɗauka ba a cikinmu."

"To Rasathi fa?"

"Ita ce abin tsoron. Bakin ƙanwar nan tawa ba shi da murfi. Ina raye na iya da ita. In na tafi, ke na bar wa."

"Kin bar mini aiki dai, Akka. Ba zinariya ba, ba tukunya ba, sai gadin bakin Rasathi."

"Tukunyar tagullar ma ɗauki. Surukata ba ta san darajarta ba."

Chellapandi bai sake samun damar sa fim ɗin ba. Jikin uwar ya yi nauyi, ta daina son ƙara, sai dai a sa mata waƙar can ƙasa-ƙasa. Irulappan ya ɗauke kujerarsa ya dasa a bakin ƙofar ɗakin, ya ba talabijin baya kamar mai gaba da ita. Pechi tana shiga safe da yamma ta goge mata jiki ta shafa mata man kwakwa a kai. Ta bango take gane yadda aka kwana, don tarin Ponnuthai ya zame mata agogo.

Wata safiya ta tashi ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta ɗauko garin shinkafa za ta yi zanen ƙofa kamar kullum, sai ta lura ba ta ji tarin ba. Tana nan tsugune da garin a hannu Irulappan ya fito. Wannan karon da riga a jikinsa, har ya ɓalla maɓallan a karkace.

"Pechi, ɗora ruwan kofi," ya ce. "Da yawa."

Ta mai da garin cikin gwangwani. Ran nan ba wadda ta yi zane a ƙofarta duk lungun.

Gidan da aka yi mutuwa ba a hura wuta, saboda haka murhun Pechi ne ya ɗauki nauyin jama'a. Kafin rana ta ɗaga an kafa rumfa ta tare hanya, an jera kujerun roba, an manna hoton Ponnuthai a bangaye da zanen idanu biyu masu zubar hawaye a samansa. Hoton ma na bikin Chellapandi ne, ta haɗe rai a ciki saboda takalmin da aka sa ta saka yana matse ta.

Tun da ta riga mijinta tafiya, igiyar auren da ya ɗaura mata tana wuyanta, sai aka yi mata shiri irin na amarya. Matan da mazansu ke raye suka yi mata wanka da kurkum, suka naɗa mata jan sari, suka cika mata gashi da farin fure, suka ɗiga mata ja a goshi. Ana ta cewa ta yi sa'a, ta yi kyakkyawar tafiya. Pechi, da yake mijinta ya mutu, ba ta da hannu a wannan aiki. Ita da ta yi wata guda tana goge jikin nan, yau daga bakin ƙofa take leƙe da farantin kofi a hannu. Abin ya yi mata ciwo, amma ba yau ta fara haɗiye irinsa ba.

Wajen hantsi Rasathi ta sauka daga motar Sivagangai. Tun daga bakin lungu ta kwance gashinta, ta fara dukan ƙirji, muryarta ta riga ta isowa. A duk danginsu ba wadda ta kai ta iya waƙar makoki, har gayyatarta ake yi ƙauyuka. Mata suka buɗe mata wuri, suka zauna da'ira a gefen gawar, kowace ta sa hannu a kafaɗar ta kusa da ita, suna layi gaba da baya. Rasathi na jero rayuwar yayarta baiti-baiti, sauran suna amsawa da kuka.

Pechi ta duba inda Irulappan yake. Yana kan dakali a waje, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin, tagar kuma a buɗe. Ko raɗa aka yi a ciki zai ji, balle muryar Rasathi.

Ta fara da gidan uwarsu da rijiyar da suke ɗiban ruwa. Ta wuce kan akuyar da suka yi kiwo tare, da ranar da aka kai Ponnuthai gidan miji a keken shanu. Pechi na raba kofi, kunnenta na wurin. Rasathi ta zo kan ciwon da yayarta ta yi tana amarya, ta zo kan haihuwar Chellapandi. Sai ta ja numfashi ta ɗaga murya.

"Wayyo yayata, wa ya zo mini zaman jego in ba ke ba! Wayyo yayata, wa ya ja hannuna muka bar jariri muka tafi silima! Muka zauna a kan yashi, ni da ke, muka ga..."

Farantin ya faɗi ƙasa, kofunan ƙarfe suka tarwatse da ƙara. Pechi ta tsallake ƙafafun mutane ta faɗa cikin da'irar, ta cusa kanta tsakanin Rasathi da ta kusa da ita, ta rungumo wuyan Rasathi, ta kurma ihun da ya sa hankakin da ke kan rumfa ya tashi.

"Wayyo Akka! Wa zai ƙwanƙwasa mini bango da safe! Wa zai aro tsamiyata bai mayar ba! Wayyo Akka, kin tafi kin bar ni da aiki!"

Mata suka saki baki. Pechiammal ce fa, wadda ranar da aka kawo gawar mijinta ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba, har dangin miji suka yi ta gulmar cewa zuciyarta dutse ce. Ba ta iya waƙar makoki ba, baitinta ba kai ba gindi, muryarta kuma kamar ta injin nata. Amma ta rufe ta Rasathi ruf, abin da ake nema ke nan.

Rasathi ta yunƙura za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Pechi ta sa yatsu biyu ta murɗe mata naman haƙarƙari, ta kai baki kunnenta kamar mai lallashi.

"Ki sake ambaton silima, wallahi in juye miki tukunyar kofi a ka."

"Ke mahaukaciyar ina ce? Sake ni!"

"Mijinta bai san ta ga ƙarshen ba. Ita ta ce kada ya sani. Ki koma kan akuya."

Rasathi ta zaro ido, ta dubi gawar, ta dubi taga. Sai ta koma kan akuyar, ta ba ta baiti har huɗu, akuyar da ko a raye ba ta samu wannan daraja ba.

Aiki ya ƙare, amma Pechi ba ta tashi ba. Ihun da ta fara da gangan ya juye ya zama na gaske. Ta dubi fuskar nan mai rawaya da kurkum, ta tuna ba wanda zai sake kiranta ta bango ya ce ta zo ta ɗanɗana miya, sai kukan ya ƙwace mata. Ta yi na Ponnuthai, ta haɗa da wanda ta riƙe shekara da shekaru ba ta yi ba. Rasathin da ta murɗa ce ta riƙe ta har ta lafa.

Bayan azahar masu badujala suka iso da jajayen rigunansu da suka koɗe. An gama ɗaure makarar da furanni, maza sun miƙe. Chellapandi, idanunsa jawur, ya je wurin shugabansu, wani siririn dattijo mai suna Anthonisamy, ya ce a raka uwarsa da waƙar lema.

Anthonisamy ya gyaɗa kai. Ba sai an yi masa bayani ba. Waƙar nan iri biyu ce a fim ɗin, ta farin ciki a rabin farko, da mai ja a hankali a ƙarshe, kuma a jana'iza kowa ya san wadda ake busawa. Ya sa bakin sarewarsa ya ja sautin farko, dogo, mai sanyi, har matan da suka yi shiru suka sake fashewa.

Irulappan ya miƙe daga dakali.

"Tsaya! Wannan mene ne?"

"Waƙar da aka ce ce, Baba."

"Ba ita ba ce. Ku masu busa ne kuka ja ta kuka lalata. Babu wannan a fim ɗin."

"Haba Baba, akwai mana. Ai ita ce a wurin da yarinyar take..."

"Rage murya!" Tsohon ya daka masa tsawa, ya nuna makarar da hannu. "Ba ka ga tana kwance nan ba?"

Chellapandi ya matso ya kama hannun ubansa.

"Appa, jana'iza ce. Waccan ta rawa ce, ta biki. Me mutane za su ce? Kuma ai kowa ya san yadda fim ɗin..."

Idonsa ya faɗa kan Pechi, tana tsaye a bakin ƙofa cikin mata, fuska a kumbure. Ta girgiza masa kai sau ɗaya, a hankali. Yaron ba wawa ba ne. Ya dubi ubansa, ya dubi mitar da ke bango, wataƙila ya tuno duk Lahadin ƙuruciyarsa da wuta ke ɗaukewa a wuri guda. Ya saki hannun.

"Busa mai saurin," ya ce wa Anthonisamy. "Amarya ce ai. Ba ka ga jan sari ba?"

Aka buga ganga, sarewa ta ɗauka, waƙar lema ta cika lungun kamar yadda ta saba cika shi da safe in Ponnuthai na shara. Samari biyu suka shiga gaba suna rawa suna watsa furanni a hanya. Kafin a ɗaga makarar, Irulappan ya sunkuya daidai kunnen matarsa ya faɗi wata magana gajeriya. Ba wanda ya ji saboda ganga, amma Pechi ba ta buƙatar ji.

Mata suka raka zuwa bakin lungu suka tsaya, don nan ne iyakarsu. Pechi da Rasathi suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon bayan tsohon, yana tafe a hankali da rigarsa mai karkatattun maɓallai, har aka sha kwana.

"Wawaye biyu," in ji Rasathi, tana fyace hanci da gefen sarinta. "Shi da ita duka. Ni da nawa mijin ne, da ya gaya mini ƙarshen tun kafin mu sayi tikiti." Ta shafa haƙarƙarinta. "Ke kuma hannunki kamar na maƙeri."

Da aka gama kwanakin zaman makoki kowa ya watse. Chellapandi ya yi ya yi ubansa ya bi shi Chennai, tsohon ya ce ba inda za shi. Sai ya bar masa talabijin ɗin don ta ɗebe masa kewa, ya roƙi Pechi ta riƙa leƙa shi. Tukunyar tagulla ta dawo gidan Pechi, a cikinta take dafa musu shinkafa su biyu, ta zuba nasa ta miƙa. Yana ci, bai taɓa cewa ta yi daɗi ba.

Wata Lahadi da rana, bayan damina ta fara, Pechi na zaune da faifan shinkafarta sai ta ji kiɗan farkon fim ɗin ta bango. Tashar da ke sa tsofaffin finafinai ce ta sake zagayowa kansa. Ta ci gaba da tsinta. Ta ji mai raba wasiƙu ya buga ƙararrawar kekensa, ta ji an tsuge da ruwa, ta ji waƙar daga farko har ƙarshe. Ta ji budurwar ta yi tarin nan guda ɗaya. Aka shiga talla, na sabulu, na shagon zinariya, na man girki.

Ta dubi ƙofarta. Ba kowa. Ta kasa kunne ko za ta ji jan takalminsa, ko ƙarar kujera, ko a kashe talabijin ɗin. Ba ta ji komai ba. Ko barci ne ya ɗauke shi, ko kuwa ya ga yanzu ba sauran wadda zai kare, ya zauna ya jira abin ya zo masa, Pechi ba ta sani ba. Talla ta ƙare, kiɗan rabi na biyu ya fara, a hankali, da wani irin sanyi.

Ta ajiye faifan. Ta jona dutsen guga, ta danna injin. Duwatsun suka yi gurnani, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

Gidajen biyu suka yi shiru, sai ɗigar ruwa daga indararo. Pechi ta tsaya da hannu a kan injin tana jiran ya ƙwala mata kira ya yi faɗa. Bai kira ba. Can ta ji an ja kujera, ta ji gadon igiya ya yi ƙara kamar an zauna a bakinsa. Tsohon ya yi gyaran murya.

"To, daga nan sai likitan ya zo," ta ji yana cewa, ƙasa-ƙasa. "Ya ba ta magani, ta warke. Aka ɗaura aure. Tagwayen nan duk sun girma, ɗaya yana aiki a birni. Ita kuma ta tsufa, kanta ya yi fari fat, ga faɗan tsiya, kullum tana aron tsamiyar maƙwabta..."

Pechi ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da bangon. Ta jawo faifan ta ɗora a cinya, ta matsa kusa da hasken ƙofa, ta ci gaba da fitar da tsakuwa daga cikin shinkafar.